Digirin kimiyyar ƙwaƙwalwa: Nawa yake ci, me yake mayarwa?

Duk shekara idan jami’o’i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, gidaje da dama a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja sukan shiga shawara iri ɗaya. Yaro ya nemi karatun likita, sai aka ba shi Anatomi ko Fisiyoloji. Wani ya ce a karɓa, ai duk harkar asibiti ce. Wani ya ce a haƙura a sake jarrabawar JAMB baɗi. Shi kuwa yaron yakan ce ta wannan hanya ce zai zama masanin ƙwaƙwalwa. Uban da zai fitar da masara daga rumbu, ko ya ci bashi a kan albashinsa domin biyan kuɗin rajista, tambayarsa ɗaya ce: in an gama, me takardar za ta kawo?

Amsar a taƙaice ita ce, digiri na farko a wannan fanni tsani ne. Darajarsa ta kuɗi ba ta da yawa idan aka tsaya a kansa, amma takan yi girma idan aka taka shi zuwa mataki na gaba. Don haka wanda zai zuba jari a cikinsa ya kamata ya san mataki na biyun tun kafin ya biya kuɗin na farko.

Mene ne fannin?

Kimiyyar ƙwaƙwalwa ita ce nazarin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninsu da sauran sassan jiki: yadda aka gina su, yadda suke aiki, da abin da ke faruwa idan suka samu matsala. A ƙarƙashinta ake binciken barci da tunani da mantuwa da jin zafi, da cututtuka irin su farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da ruɗewar tsufa.

Akwai mutum huɗu da jama’a kan haɗa su wuri guda, alhali hanyoyinsu daban ne. Likitan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, da likitan masu taɓin hankali, dukkansu sai sun yi karatun likita na shekara 6, sannan su ƙara wasu shekaru na ƙwarewa a asibitin koyarwa. Na huɗun shi ne masanin kimiyyar ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa bincike ne a ɗakin gwaje-gwaje. Ba ya duba mara lafiya, ba ya rubuta magani, sai fa idan shi ma likita ne. Wannan bambanci shi ne tushen duk lissafin da zai biyo baya.

Ina ake karanta shi?

A Amurka, inda fannin ya bunƙasa, an kafa ƙungiyar masanansa a 1969, kuma Kwalejin Amherst ta fara ba da digiri na farko a kansa a 1973. Sai dai a can ba a shiga karatun likita kai-tsaye daga sakandare. Dole ɗalibi ya fara yin wani digiri tukuna. Saboda haka ɗalibai da yawa suna ɗaukar kimiyyar ƙwaƙwalwa ne a matsayin share fagen shiga makarantar likita. Wanda ya ga alƙaluman albashin irin waɗannan mutane a intanet ya tuna cewa akwai likitoci da masu digirin digirgir a cikinsu, kuma da dala ake biyan su.

A Najeriya tsarin ya sha bamban. Ana shiga karatun likita ne kai-tsaye, kuma digiri na farko mai sunan kimiyyar ƙwaƙwalwa ba abu ne da aka saba gani a jerin kwasa-kwasan jami’o’inmu ba. Hanyar da aka saba bi ita ce digirin shekara 4 a Anatomi, wato ilimin ginin jikin ɗan Adam, ko Fisiyoloji, wato ilimin yadda sassan jiki ke aiki, ko kuma fannonin da ke kusa da su kamar Bayokemistiri. Sai a digiri na biyu da na uku ne ɗalibi ke karkata ga ƙwaƙwalwa kaɗai.

Ga ɗan Kudancin Katsina, ɗaya daga cikin ƙofofin da ke kusa ita ce Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962. Mai tasowa daga Funtuwa yakan wuce Giwa, ya iske asibitin koyarwa na Shika, sannan Samaru, tun kafin ya shiga cikin garin Zariya. Jami’ar Bayero ta Kano ma tana da waɗannan sassa. Kusancin yana da tasiri a lissafi, domin ɗalibin da za a iya aika masa garin tuwo da wake a mota ba ya cin kuɗi kamar wanda ke karatu a Legas ko Ibadan.

Lasisi ne ke raba tsakani

A harkar lafiya, doka ce ke yanke wanda zai yi aiki a kan mara lafiya, kuma kowace sana’a tana da hukumar da ke yi wa ’ya’yanta rajista. Likitoci na ƙarƙashin MDCN, masu harhaɗa magunguna na ƙarƙashin PCN, masana gwaje-gwajen asibiti na da MLSCN, ma’aikatan jinya da ungozoma na da NMCN, haka ma masu gashin ƙashi da masu ɗaukar hoton cikin jiki, kowa da tasa hukumar. Waɗanda suka karanta likitanci ko harhaɗa magunguna ko gwaje-gwaje sukan yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ana biyan su, kafin su tafi hidimar ƙasa. Bayan nan kuma akwai tsarin albashi na musamman: CONMESS ga likitoci, CONHESS ga sauran ma’aikatan lafiya.

Mai digirin Anatomi ko Fisiyoloji ba shi da irin wannan lasisi. Ya zauna aji ɗaya da ɗaliban likita a wasu darussa, ya san sunan kowace jijiya, amma a idon doka bai da izinin duba kowa. Idan ya samu aikin gwamnati na gama-gari, yakan fara ne a matakin albashi na 8, daidai da wanda ya karanta Tarihi ko Tattalin Arziki.

Lasisi yana da daraja a kasuwa saboda yana taƙaita yawan masu gasa. Asibiti mai zaman kansa a Funtuwa ba zai iya gudanar da ɗakin gwaji yadda doka ta tsara ba sai da mai rajista, don haka dole ya neme shi. Babu wata doka da ta tilasta wa kowa ɗaukar masanin ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa yarinyar da ta gama makarantar ungozoma ta Malumfashi kan riga ɗan uwanta mai digiri fara karɓar albashi.

Akwai kuma gargaɗi a nan. Wasu masu irin wannan digiri, idan zaman jiran aiki ya yi tsawo, sukan buɗe kemis su riƙa yin allura da ƙarin ruwa, unguwa ta riƙa kiran su likita. Lasisin ƙaramin shagon magani bai ba kowa wannan izini ba. Hanya ce da ke jefa rayukan mutane cikin haɗari, shi kuma mai yi ta kai shi gaban kotu.

Abin da karatun ke ci

Kuɗin da ake kashewa iri uku ne. Na farko shi ne wanda kowa ke gani: rajista, ɗaki, abinci, mota, littattafai, kwamfuta, da kuɗin binciken shekarar ƙarshe, wanda a waɗannan fannoni yakan haɗa da sayen ɓeraye da sinadarai. A hukumance jami’o’in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma da yawansu sun ƙara kuɗin rajista sosai a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa Disamban 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Na biyu shi ne wanda ba a cika lissafawa ba: abin da yaron zai samu da ya zauna a gona ko a shago cikin waɗannan shekaru. A yankin da saurayi zai iya noma masara da waken soya da damina, ya yi tumatir da rani, ko ya bi ubangidansa kasuwannin hatsi na Dandume da Bakori har a yaye shi da jari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku shi ne jinkiri. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami’o’i ta ASUU ya ci kusan wata 9 a 2020, ya kuma ci wata 8 a 2022. Ɗaliban da suka shiga don shekara 4 sun kwashe 5 ko fiye.

A ɓangaren sauƙi kuwa, akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024. Yana biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, yana ba da Naira 20,000 a wata na ɗawainiya, kuma babu kuɗin ruwa. Ana fara biya ne shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Rancen da babu ruwa a lokacin da farashi ke hawa rangwame ne babba, domin Nairar da za a mayar ba ta kai wadda aka karɓa ƙarfi ba. Duk da haka bashi ne, kuma sai an biya.

A yi lissafin da buhu

Tun da darajar Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, manomi ko ɗan kasuwa zai fi gane lissafin idan ya yi shi da buhun hatsi. Ga misali kawai, kowane gida ya sa nasa alƙaluman.

A ce ɗawainiyar ɗalibi tana cin kwatankwacin buhu 15 na masara a shekara, kuma da ya zauna gida yana neman na kansa, da ya tara buhu 10. Jimilla buhu 25 ke nan a shekara, wato 100 a shekara 4, ko 125 idan yajin aiki ya ƙara shekara guda. Wannan ita ce uwar kuɗi.

Riba kuwa ba albashin gaba ɗaya ba ne. Ita ce rarar da ke tsakanin abin da mai digiri ke samu da abin da zai samu da bai yi karatun ba. Idan rarar buhu 10 ce a shekara, sai ya yi shekara 10 yana aiki kafin buhu 100 su dawo. Idan 25 ce, shekara 4 ta isa. Idan kuwa ya ƙare a aikin da ba ya biyan fiye da abin da abokinsa na kasuwa ke samu, uwar kuɗin ba za ta dawo ba ko da an shekara 30. Kowace shekarar zaman jiran aiki kuma tana ƙara nisan ranar da za a fara cin riba.

Shi ma buhun ba ma’auni ne marar aibi ba. Farashin masara ya yi tashin gwauron zabo a 2024, sannan ya faɗi ƙwarai a 2025 alhali taki bai sauko ba. Matsalar tsaro a Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara ta hana mutane da yawa zuwa gonakinsu. Wannan ma hujja ce a ɓangaren karatu: albashi, ko da kaɗan ne, ba ya jiran ruwan sama, kuma ilimi ba ya cikin abin da ake korewa daga garke. Binciken da George Psacharopoulos da Harry Patrinos suka fitar a 2018 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi na duniya, kowace shekara ta ƙarin karatu tana ƙara wa mutum kusan kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu. Amma matsakaici ne na dukkan fannoni da ƙasashe, ba alkawari ba ne ga kowace takarda.

Ina aikin yake?

Shekarar farko ta hidimar ƙasa ce, inda alawus ya koma Naira 77,000 a wata, bayan da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama Naira 70,000 a watan Yulin 2024. Daga nan hanyoyi sukan rabu.

Mafi yawan ƙofofin da ke buɗe a yankin Funtuwa da Malumfashi na koyarwa ne. Makarantun jinya da na koyon aikin lafiya, na gwamnati da masu zaman kansu, dukkansu suna koyar da Anatomi da Fisiyoloji, kuma suna buƙatar malamai. Akwai koyar da Bayoloji a sakandare, wanda ke neman a ƙara difloma ta koyarwa da rajista da hukumar malamai ta TRCN. Makarantu masu zaman kansu da yawa ba sa biyan ko mafi ƙarancin albashi, don haka wannan ƙofa ta fi zama wurin fakewa kafin a samu wata.

A manyan birane kamar Kano da Kaduna da Abuja akwai wakilcin kamfanonin magunguna da na kayan asibiti, inda mai bakin ciniki kan samu fiye da albashin gwamnati. Ɗan da ya tashi a shago yana da fifiko a nan. Akwai aikin tattara bayanai da sa ido a ƙungiyoyin lafiya, da aikin ɗakunan gwaje-gwaje na jami’o’i, da hukumomi irin su NAFDAC da NDLEA idan sun buɗe ɗaukar ma’aikata. A yawancin waɗannan wurare, abin da ake saye shi ne iya lissafin ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta da rubuta rahoto, fiye da sunan da ke kan takarda.

Sai jami’a kanta. Wanda ya fita da daraja ta ɗaya, ko ta biyu mai daraja ta sama, yana iya samun gurbin mataimakin malami. Albashin farko ba shi da yawa, amma yana buɗe hanyar ƙarin karatu, ciki har da tallafin asusun TETFund, wanda ma’aikatan manyan makarantun gwamnati kaɗai ke amfana da shi.

Buƙata daban, kasuwa daban

Babu mai musun cewa yankin na buƙatar wannan ilimi. Arewacin Najeriya na cikin zirin sanƙarau na Afirka, kuma annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Da yawa daga waɗanda suka tsira daga cutar kan rayu da kurumta ko farfaɗiya. Gubar dalma da ta ɓulla a maƙwabciyar jihar Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar wasu da dama. Magungunan feshi irin su fiya-fiya, da ake amfani da su a gona har da wajen ajiyar hatsi, jijiyoyi suke kai wa hari. Ga hawan jini da ke kai ga shanyewar ɓarin jiki, ga shaye-shayen tiramol da kodin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka samu magani yadda ya kamata.

Yankin ma ba baƙon bincike ba ne. Asibitin Malumfashi ya taɓa zama ɗaya daga cikin rassan asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da na Kaduna. A shekarun 1970 an gudanar da wani babban aikin bincike kan cututtukan yankin a Malumfashi, da haɗin gwiwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool da ke Ingila, inda aka yi nazari kan tsargiya da saran maciji da sauransu. A wannan zamani ne kuma Brian Greenwood ya yi kusan shekara 10 a Zariya yana binciken sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro.

Abin lura a tarihin nan shi ne, bincike yana rayuwa ne inda aka samu mai ɗaukar nauyinsa. Manomin da ɗansa ke farfaɗiya zai biya likita, zai sayi magani, amma ba zai biya mai bincike ba. Albashin mai bincike daga gwamnati ko jami’a ko wata gidauniya yake fitowa. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature Communications a 2021, wanda ya duba ayyukan kimiyyar ƙwaƙwalwa na Afirka na kimanin shekara 20, ya gano cewa ƙasashe biyar ne ke samar da mafi yawansu: Masar, Afirka ta Kudu, Najeriya, Maroko da Tunisiya, kuma kaso mai yawa na kuɗin binciken daga wajen nahiyar yake zuwa.

Inda ribar take

Wanda ya jagoranci wancan nazari, Dokta Mahmoud Bukar Maina, shi kansa misali ne na yadda tsanin ke aiki. Ɗan Jihar Yobe ne da ya karanta Anatomi a Jami’ar Maiduguri, ya wuce Jami’ar Sussex da ke Ingila ya yi digiri na biyu da na uku, ya ƙware a binciken cutar mantuwa ta Alzheimer. A 2021 ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami’ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda ke horar da matasan masana. Digirinsa na farko irin wanda ake rainawa ne a gidaje da yawa. Abin da ya ɗora a kai ne ya ba shi daraja.

Matakai na biyu da aka fi sani uku ne. Na ɗaya, komawa karatun likita ko wata sana’a mai lasisi ta hanyar shiga aji biyu kai-tsaye, wanda wasu jami’o’i ke yarda da shi ga masu sakamako mai kyau. Gurabensa kaɗan ne, kuma ga likitanci yana nufin ƙarin shekara 5. Wanda burinsa ke nan tun asali, sau da yawa sake jarrabawar JAMB ya fi masa araha: asarar shekara guda ta fi asarar uku sauƙi. Na biyu, digiri na biyu da na uku da tallafi, irin na Commonwealth a Birtaniya ko DAAD a Jamus, ko guraben digirin digirgir da jami’o’in Amurka da Turai ke biyan ɗalibi alawus a kansu. Ƙungiyoyi irin su IBRO da SONA da TReND suna shirya horo na gajeren lokaci a Afirka, inda ɗalibi kan haɗu da malaman da za su tsaya masa. Wannan hanya ce ta ’yan kaɗan masu ƙwazo, kuma ba a gina ta da kuɗin sayar da gona: biya wa yaro digiri na biyu a Ingila daga aljihu, a farashin fam na yau, jari ne da wuya albashin Najeriya ya mayar da shi. Na uku, haɗa digirin da wata ƙwarewa da kasuwa ke nema, kamar lafiyar al’umma ko nazarin bayanai.

Kafin a biya kuɗin rajista

Iyaye da ɗalibi su zauna su amsa wasu tambayoyi tsakani da Allah. Shin yaron binciken yake so, ko rigar likita? Yana da ƙarfin da zai fita da babban sakamako, tun da kusan duk ƙofofi masu riba a wannan fanni da shi ake buɗe su? Gidan zai iya jure shekara 7 zuwa 10 kafin ya fara ganin amfani, ko kuwa ana jiran albashinsa ne don a biya wa ƙanne makaranta? An je sashen an tambayi inda ɗaliban da suka gama shekara 5 da suka wuce suke a yanzu? Akwai wata sana’a mai lasisi da makinsa zai iya ba shi?

Gidan da ke buƙatar kuɗin shiga da wuri, jinya ko gwaje-gwajen asibiti ko gashin ƙashi ko ɗaukar hoto sun fi masa tabbas. Gidan da ke da halin jira, kuma Allah Ya ba shi yaro mai naci da son bincike, kada ya raina gurbin Anatomi ko Fisiyoloji. Sai dai a karɓe shi da sanin cewa rabin tafiya aka biya wa kuɗin mota, a kuma fara tanadin sauran rabin tun yaron yana aji ɗaya.